Bijimaina Biyu da Kalmar da Na So In Haɗiye

Shekarun baya, tun ban iya rubuta ko sunana ba, an yi wata rigima tsakanin ƙauyenmu da rugar Fulanin da ke gabas da mu, can wajen Fakku. Shanu ne suka shiga gonar gero ana dab da girbi, magana ta yi tsami, aka ji wa mutum biyu rauni, ɗaya namu ɗaya nasu. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Manya suka shiga tsakani, aka kira mu Kebbe aka yi sulhu. Kowane ɓangare ya kawo makaman da yake da su, bindigogin maharba irin harba-ka-ruga da kwari da baka, aka tara wuri ɗaya aka kwashe. Daga nan aka kawo wata takarda da Turanci, aka fassara mana ita a tsaye, ana hayaniya, rabin mutane ba su ji ba. Magidanta suka dangwala yatsa. Ina cikinsu.

Na dawo gida da shuɗin tawada a babban yatsana. Matata ta dubi yatsan ta ce, "Mi anka rubuta cikin takardar?"

Na ce, "Sulhu."

Ta ce, "Na sani sulhu. Mi anka rubuta?"

Na sake cewa sulhu dai. Ba ta ƙara magana ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan shirun nata shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a gemu.

A wata firamare a Kebbe ake yin ajin, bayan la'asar, sau uku a mako. Nakan hau babur in je, in naɗe ƙafafuna a kan bencin yara, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata. Malaminmu mutumin Tambuwal ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, mai sanyin murya. Ni ba mai saurin ganewa ba ne, kowa a ajin ya san haka. Abin da wasu suke ɗauka a mako, ni sai na yi wata. Amma wanda ya saba shuka gero ya jira shi ya nuna, zaman benci ba ya kashe shi. Shekara biyu muna kan karatun Hausa, a ta uku malam ya fara sa mana Turanci kaɗan-kaɗan.

Da na ga na fara haɗa baƙaƙen Turanci, sai na je wurin mai garinmu na roƙi ya ba ni aron takardar sulhun nan. Kwana uku na yi ina kwafarta a littafina, harafi bayan harafi, kamar mai tsintar wake. Na kai wa malam na ce ina so in san abin da na sa wa yatsa. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya mai da ita darasin ajin gaba ɗaya. Muna bi layi-layi, sai muka iso wata gajeriyar kalma kusa da ƙarshe. Malam ya rubuta ta a allo da manyan baƙaƙe: rearm.

Ya ce, "Wagga kalma ta aiki ce. Ma'anarta mutum ya sake ɗaukar makami, ko ya sake ba mutanenshi makami. Amma ku lura, ba a hwaɗinta ga wanda yau ne farkon riƙonshi. Sai wanda yat taɓa riƙewa, ya aje, kana ya koma. Ƙasa biyu in sun yi yaƙi sun gaji sun aje, sai guda ta koma tana tara bindigogi, to da ita aka ba da labari."

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, in tsohon makamin ya tahi, mutum yas samo sabo fa?"

Ya ce, "Ya shiga cikinta. Kalmar ba ruwanta da tsoho ko sabo. Hannun da ya koma ga makami take kallo."

Wani mai shayi da muke benci ɗaya ya ce, "Malam, ke nan in matata ta aje muciya munka shirya, in ta sake ɗauka ita ma ta yi rearm?"

Malam bai ko yi murmushi ba ya ce, "Ya danganta da abin da za ta tuƙa, tuwo ko kai."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. A ranar na san cewa layin da na sa wa yatsa yana cewa ne ɓangarorin biyu sun ɗauki alkawarin ba za su sake komawa ga makami ba. Na ja wa kalmar layi biyu a ƙasa, na dawo gida na faɗa wa matata. Ta ce, "To, yanzu kac ce wani abu."

Akwai kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban maharban yankinmu tun ina yaro. Ranar sulhu shi ya fara ajiye bindigarsa, wadda ya gada wurin mahaifinsa, kuma bai waiwaye ta ba. Bai taɓa shiga aji ba, kuma karatuna abin tsokanarsa ne. Ko'ina ya gan ni sai ya ce, "Ɗan boko mai hurhura, yau ka ci ɗaya bisa goma ko an ƙara maka?" Ni kuwa sai in ce, "Kawu, an ƙara rabi."

Ina da bijimai biyu na huɗa a lokacin, fari da baƙi. Su ne ƙarfin gidana, domin da su nake noma gonata, da su nake yi wa wasu huɗa in sami na cefane. Tun suna maruƙa a garken Ardon rugar nan suka tashi, saboda kafin rigima can muke ba da kiwo. Bayan rigima ne kowa ya janye dabbobinsa.

Wata rana da damina ta kusa, na ga hadari yana haɗuwa, ga lokacin aji ya matso. Na ce bari in matsar da bijiman gindin bishiyar bayan gida. Na cire turke na kai can, na ɗauki dutse na buga masa sau biyu ko uku, na ɗaure su duka biyun a jikinsa, na haye babur ina sauri kada malam ya riga ni. Da yamma aka yi ruwan farko, mai ƙarfi, ƙasa ta sha ta yi laushi. Kowa ya kwana da murna.

Na dawo daga sallar asuba na zaga bayan gida, babu fari babu baƙi. Babu igiya, babu komai.

Kafin hantsi gari ya ɗauka. Mutane suka cika bayan gidana, aka tattake wurin kaf, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Wani ya ce ya ga sawu ya yi gabas. Gabas kuwa ruga ce. Daga nan aka ɗunguma ƙofar mai gari. Abokina, wanda muka tashi tare tun muna kiwon awaki, shi ne ya fi kowa zafi, kuma saboda ni yake yi.

Ya ce, "Sun san shanun nan tun suna maruƙa. Sun jira sai da anka yi ruwa, ranar da mutum zai fara huɗa, kana sunka zo. In munka yi shiru yau, gobe na wani za su ɗauka."

Mai gari ya ce, "Akwai sulhu tsakaninmu da su."

Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, takarda cewa tay yi mu miƙa na hannunmu, kuma mun miƙa. Ba ta ce kar mu nemi wasu ba. Akwai maƙeri nan gaba kaɗan, shina da su a ƙere. Babur biyu ya isa. Kafin azahar muna ruga."

Mutane suka ce haka ne, haka suka ji ranar da aka fassara. Shi kansa mai gari ya yi jim, domin takardar tana cikin akwatinsa amma bai san abin da ke cikinta ba sai abin da ya ji da kunne. Samari biyu suka fara tayar da babura.

Ni kuwa ina tsaye, littafina yana cikin aljihun rigata, domin ban cika rabuwa da shi ba. A duk taron nan ni kaɗai na san maganar abokina ba haka take ba. Kuma zan faɗi gaskiya, tunda abin ya wuce: shiru na yi, da gangan. Ina tunanin gonata da ta sha ruwa babu mai huɗa ta, ina tunanin bakunan da ke gidana. Na ce a raina ai ba ƙarya na yi ba, ba a tambaye ni ba ne. Kalmar tana nan a maƙogwarona, ina ta ƙoƙarin haɗiye ta.

Kawu yana zaune a kan wani kututture tun da aka fara. Sai da babur na biyu ya tashi sannan ya ɗaga kai, kuma ni ya duba.

Ya ce, "Ɗan boko. Kai da kay yi shekara ukku kana gugar benci, mi takardar tac ce?"

Na ce, "Kawu, Turanci na da wuya."

Ya ce, "Ban tambaye ka wuyarshi ba."

Na ciro littafin, na buɗe shafin. Na karanta layin da Turancina na mai koyo, ina tsayawa ina tashi kamar jaki a yashi. Da na zo kan kalmar mai layi biyu sai na ɗora yatsa a kanta, yatsan nan dai da ya sha tawada, na faɗe ta. Sannan na fassara yadda malam ya koya mana: mun yi alkawarin ba za mu sake komawa ga makami ba, tsoho ne ko sabo.

Abokina ya dube ni kamar na mare shi. Ya ce, "Shanunka ne fa, ba nawa ba."

Na ce, "Na sani."

Kawu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce, "To kun ji. Yatsana na bisa takardar ga, kuma ban ga ranar da anka goge shi ba. Ku kashe baburan nan. Ku ba ni zuwa azahar. Shi ya karanta tashi takarda, ni ko bari in karanta tawa." Ya kwance wuƙar da ke ɗamararsa, wadda ko masallaci da ita yake zuwa, ya ajiye a gaban mai gari. Ya ce ni da abokina mu biyo shi.

Bai tsaya bayan gidana ba, ya ce an riga an ɓata wurin da ƙafafu. Ya zagaya can bakin gonaki inda ƙasa take jiƙe ba wanda ya taka, ya sunkuya, hannuwansa a baya. Na sha ganin kawu yana bin sawu tun ina ƙarami, amma sai a ranar na gane abin da yake yi karatu ne, irin wanda nake fama da shi a benci, sai dai shi ba ya gargada.

Ya nuna ya ce, "Ga farinka, shi ne mai karkataccen kofato. Ga baƙin. To ku nuna mini ƙafar mutum."

Muka duba, babu.

Abokina ya ce, "Wataƙila ɓarawon ta gefe ya bi."

Kawu ya ce, "Wataƙila tashi yay yi sama." Ya ci gaba.

Muka yi tafiya mai ɗan nisa har gindin wani gawo. Nan sawun ya yi ta zagaye, ga kashin shanu, ga ɓawon 'ya'yan gawo da aka tauna. Kawu ya ce, "Nan sunka tsaya karin kumallo. Ka taɓa ganin ɓarawon da ka jiran sa ya ƙoshi?"

Sai kawu ya tsuguna ya bi wani zane da yatsa. Dogon zane ne a tsakanin sawun bijiman biyu, kamar an ja itace a ƙasa, kuma tun daga bakin gari yake tare da mu, ni dai ban kula ba. Ya ɗago ya dube ni, idonsa yana dariya, bakinsa bai yi ba.

Ya ce, "Ɓarawo kwance igiya shika yi, ko shi yanke. Ba shi jan turke a baya yana yi mishi shaida. Ɗan boko, wa yak kafa turken shanun ga?"

A nan ne dutsen jiya ya faɗo mini a rai, da bugu biyu ko uku, da saurin zuwa aji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ni ne, Kawu."

Ya ce, "Ruwa yas sauka, ƙasa ta saki, sunka ji ƙamshin damina sunka tuna gidan da sunka tashi. Dabba ba ta san an yi rigima ba."

Ba mu kai ruga ba. Muna gangarawa wata ƙorama da ta raba gonakinmu da makiyayarsu, sai muka hango mutum ɗaya yana tahowa daga ƙetare, farin sa da baƙi suna biye da shi. Ardo ne da kansa, tsoho sa'an kawu, shi kaɗai. Ya naɗe igiyar a hannu, turken nawa kuma ya rataya shi a wuyan baƙin, yana lilo.

Aka yi sallama, aka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da dabbobi da ruwan jiya, kamar ba komai. Sannan Ardo ya taɓa turken ya ce, "Da sahe muka gan su cikin garke, sun kwanta wurin kwanansu na da. Wa yak kafa wannan? Ko akuya ba ta tsayawa gare shi."

Kawu ya nuna ni da haɓa ya ce, "Malaminmu ne. Hannunshi ya saba da alƙalami."

Na matso zan yi godiya. Sai na ga kawu yana kallon hannun Ardo. Ni ma na duba, na ga abin da ya gani. Tun da nake a duniya ban taɓa ganin Bafulatani makiyayi ya fito daji babu sanda ba, balle yana kora shanu. Ardo kuwa babu komai a hannunsa sai igiyata.

Kawu ya ce, "Ardo, ina sandarka?"

Ya ce, "Na bar ta gida. Mutum in ya hango ka daga nesa da abu a kahwaɗa, ba shi tsayawa ya tantance sanda ce ko wani abu." Sannan ya ƙara, "Samarinmu sun ce kar in zo. Sun ce ku ba ku zuwa hannu banza, gara mu ma mu shirya."

Kawu ya ɗaga gefen rigarsa ya nuna ɗamara babu wuƙa, ya buɗe tafukansa biyu. Ardo ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙo mini igiyar.

Mun shigo gari ana kiran azahar. Baburan nan biyu suna nan inda aka kashe su. Da muka kusa ƙofar mai gari sai abokina ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Da ka yi shiru ɗazu fa?" Daga ranar ya sa mini suna mai turken akuya, kuma har yau bai sauke mini shi ba.

Da la'asar kawu ya zo gidana da tabarya, ya sa ni na kafa turke a gabansa har sai da ƙasa ta daina karɓa. Yana zaune yana kallo ya ce, "Mi kac ce sunan kalmar nan?" Na faɗa masa. Ya juya ta a baki sau biyu, ba ta zauna ba. Ya ce, "Bar ta nan cikin littahi. Can ta hi kyau."

Kawu ya rasu shekarun baya kaɗan, Allah Ya jiƙansa. Mutane in suna ba da labarin ranar sukan ce karatuna ne ya hana fitina, ni kuwa na san ba haka ba ne. Karatun yana aljihuna, kuma na so in bar shi a can. Mutumin da bai san harafi ko ɗaya ba shi ya tilasta mini fito da shi, domin shi ya ɗauki yatsansa a kan takarda da nauyin da ya kamata tun kafin ya san abin da takardar ta ce. Haka Ardo, wanda ya ƙetaro ƙorama shi kaɗai babu ko sanda, bayan an gaya masa abin da zai iya tararwa.

Littafin yana nan wurina, ya yi laushi, bangon ya cire. Wani lokaci nakan buɗe shafin in dubi kalmar mai layi biyu, in tuna abin da malam ya ce, ba a faɗinta sai ga wanda ya taɓa ajiyewa. Mu mun taɓa ajiyewa, kuma saura kaɗan a ba da labarinmu da ita saboda bugu uku da na yi wa turke ina sauri. Yanzu in za a sa hannu a takarda, sai na karanta ta har ƙasa ko da mutane za su gaji da jirana. In kuma zan kafa turke, ko da malam zai riga ni shiga aji, sai ƙasa ta daina karɓa.